Ɓuyan Bishop Kinbald

A zamanin da Ingila take ƙananan masarautu, daji da fadama sun fi gonaki yawa, an ce an yi wani maharbi mai suna Kinbald. Kirarinsa shi ne: Inuwa ba ki da sawu, gyadon dawa bai san da kai ba sai a tukunya. Da girma ya kama shi ya rataye baka, ya yi karatu har ya zama limamin coci.

Bishop na yankin, wato shugaban limaman coci, ya rasu, jama'a suka zaɓi Kinbald. Al'adar wurin kuwa, wanda aka zaɓa sai ya gudu ya ɓuya don nuna ba ya kwaɗayin kujerar, a nemo shi a jawo shi yana turjewa. In aka kwana arba'in ba a same shi ba, a naɗa wani. Magabatansa duk bayan rumbu suke laɓewa.

Kinbald yana son kujerar nan kamar ransa, amma hali zanen dutse. Ya shiga fadama da baya da baya, yana share sawunsa bai ma sani ba. Masu nemansa malamai ne, ba su iya bambanta sawun alade da na saniya. Sau uku suna wucewa ta gabansa. Ya karya rassa, ba su lura ba. Ya hura wuta, suka ce ishara ce daga sama, suka koma gida yin addu'a. Don haushi ya buga sandarsa a ƙasa, ruwa mai daɗi ya ɓulɓulo.

Rana ta arba'in da hantsi, wata tsohuwa mai kiwon aladu, Sifled, ta zo shayar da dabbobinta, ta taka masa ƙafa.

"Malam, ba kai ake nema ba? Kwantar da hankalinka, ba wanda zai ji a bakina."

"Iya, don girman Allah, ɗaure ni," in ji shi.

Da igiyar aladu ta kai shi gari. Waɗanda suka gani sun ce ya turje ƙwarai, sai dai shi ne a gaba, tsohuwa na haki a baya.

Shekara talatin ya yi yana riƙon coci, bayan rasuwarsa aka ɗauke shi waliyyi saboda tsananin gudun duniya. Idon ruwan nan ake kira Rijiyar Kinbald. Tun daga lokacin, sabon bishop a bakinta yake ɓuya, kuma an wajabta masa yin tari.