Motar Da Ta Ƙi Tashi Sai Da Aka Duba Birki

Shehinmu, al'allama mai zuhudu da tsantseni, wanda harshensa bai gushe ba yana ambaton Allah, kogi ne a fiƙihu da hadisi, Allah Ya ƙara masa yarda. Karamominsa suna da yawa, amma ni zan faɗi wadda idona ya gani, wato yadda Allah Ya tsare ran ƙanena ta dalilinsa.

Ni na yi karatun injina, kuma ni ke riƙe da garejin da mahaifinmu ya bari. Autanmu direba ne. Wata safiya aka cika masa babbar motarsa mai shan dizal da siminti, zai bi hanyar nan mai doguwar gangara. Ya murza makulli, injin ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa.

Na bi abin daki-daki kamar yadda aka koya mana. Batir da ƙarfinsa, tunda kik mai tayar da injin na juyawa sosai. Tanki da mai, kuma na tsiyaye kaɗan a kwalba ban ga ruwa ba. Na canza filta, na buga famfon hannu har iska ta fita daga layi, na sassauta bututun nozul da ke fesa wa injin mai, man ya yi tsartuwa yadda ya kamata. Duk da haka ko hayaƙi bai fito ta salansar motar ba.

"Yaya, ke da allurar likita ma sai kin karanta takardarta," in ji Auta. "Mu tura ta kan gangara kawai, na rantse za ta tashi."

"Sauri ya haifi nawa," na ce masa. "Miƙo min sifana."

Muna haka Shehi ya biyo ta bakin gareji, ya fito daga karatun safe. Muka rusuna muka gaishe shi, Auta ya kai ƙarar motar, har yana neman a tofa mata addu'a. Shehi bai taɓa motar ba, bai ma san sunan ƙarfe ɗaya a jikinta ba. Yana jan carbi ya ce min a hankali: "'Yata, kin gaji da neman abin da zai tashe ta. Duba abin da zai tsayar da ita."

Ya yi sallama ya wuce.

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashinta, na ce wa Auta ya taka birki da iya ƙarfinsa. Yana takawa bututun man birki ya fashe, man ya wanke min hannun riga. Ashe ƙarfen jikin motar ya daɗe yana cin bututun ta gefen da ido ba ya kaiwa, har ya zama kamar ɓawon albasa. Da mun tura ta kan gangarar da wannan lodi, takawar farko ce za ta zama ta ƙarshe.

Na sa sabon bututu, ban ƙara taɓa injin ba. Auta ya murza makulli sau ɗaya, mota ta tashi. Ya daɗe zaune a kan kujerarsa kafin ya ja ta ya kama hanya.

Na sake binciken injin nan bayan ya dawo lafiya, kuma har yau ban sami abin da ya hana shi kamawa ba. Da na faɗa wa Shehi, cewa kawai ya yi: "Mai hanawa Shi ne Mai bayarwa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke sanar da bayinSa salihai abin da Ya so. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, mu da duk wanda ke kan hanya. Amin.