Bakin Akuya da Ganyen Kabeji

Ga ta nan, ga ta nanku! Kai Tanimu, bar tsungulin ƙanwarka.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Akuya ce ta haifi ɗa tilo. Ba a jima ba hantsarta ta kumbura, ta yi tauri, zafi zau. Ɗa ya kama, ba nono. Ya sake kamawa, ba nono. Akuya ta tashi, ta zauna, ta zagaya turke, ta dawo. Ɗa na kuka, muryarsa na dushewa.

Aka kira Bushiya ungozoma. Ta ɓallo ganyen kabeji a lambu, ta tsoma a randa ya yi sanyi, ta murje, ta manna a hantsa. Ta ce, "'Yar nan, bar shi sai ya yi laushi. Kada ki taɓa."

"To, Gwaggo."

Kun dai san akuya! Bushiya ba ta kai ƙofa ba, Akuya ta lanƙwasa wuya, ƙaras-ƙaras, ta cinye.

Bushiya ta dawo. "Ina ganye?"

"Iska ta ɗauke, Gwaggo."

Ta manna wani. Ƙaras-ƙaras!

"Ina ganye?"

"Kaza ta tsince, Gwaggo."

To, saura ganye ɗaya, tsutsa ta lalata sauran. Ɗa kuwa ya daina kukan ma, ya kwanta shiru. Akuya ta fashe da kuka: "Wayyo Gwaggo, ni na ci! Wallahi ina son ɗana, bakina ne ba ya jin magana!"

Bushiya ba ta yi faɗa ba. Ta manna ganyen, ta gyara zama, ta ce, "Wai ni kam, da gaske ne Tunkiya ta ce ta fi ki iya raino?"

"Tunkiya? Wannan sakaryar?"

Shi ke nan! Ta zagi Tunkiya, ta zagi tafiyarta, ta tono uwarta da kakarta. In ta lafa, Bushiya ta ce, "Af, haka aka yi?" Sai Akuya ta ɗora. Tun hantsi har rana ta karkata.

Tana tsakiyar zagi ta ji tsut, tsut. Ta duba. Ganye ya yi laushi ya faɗi, kumburi ya saɓe, ga ɗanta a durƙushe yana tsotso, bindi na kaɗawa. Ta sunkuya tana lasarsa, hawaye na zuba.

Bakin da ba ya iya zama, yara, a nema masa wani aikin kafin ya cinye maganin gida.

Ƙurunƙus kan kusu! Kowa ya kama tabarmarsa.