Waƙar Da Ba A Rera Ta Da Baki Ɗaya

Akwai wani malamin firamare a wani ƙauye da ke ƙasar Roni, sunansa Malam Falalu. Allah Ya ba shi baiwar tsara waƙa, shi kuwa ya sadaukar da ita ga koyar da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya.

Ya tsara wata waƙa 'yar ƙwar biyu, wato kowane baiti layi biyu ne. Ba ya ba ɗalibi baiti cikakke. Ɗan manomi ya haddace layin farko, ɗan makiyayi ya haddace na biyu, su tsaya riƙe da hannun juna. Na farko ya ce, "Idan fushi ya taso, kama hannuna." Na biyu ya amsa, "Na kama, kai ma gobe kama nawa."

Wata kaka shanun wani makiyayi suka cinye waken ƙaninsa Abdulnasir. Ya zo a fusace ya ce, "Yaya, ka yi musu waƙar zambo, mu ɗauka a waya mu yaɗa har Gwiwa da Babura."

Malam ya ce, "An zalunce ka, kuma zan raka ka wurin mai gari a bi maka hakkinka. Amma ba zan zagi al'umma guda saboda laifin mutum ɗaya ba."

"To, ka zaɓe su ke nan," in ji Abdulnasir.

A ƙofar gidan Malam ake ciyayya tun zamanin mahaifinsu, kowane magidanci ya kawo kwanonsa bayan magariba a ci tare. Daga ranar aka mayar da ita wani wuri. Makiyaya kuma suka janye 'ya'yansu daga makaranta, suna ganin ai Malam yayan mai gonar ne. Waƙa ta rasa rabinta.

Shekaru suka shuɗe. Malam ya yi ritaya, mai ɗakinsa Shatu ta rasu, idanunsa suka raunana. Duk da haka kullum sai ya shimfiɗa babbar tabarma, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya ci tuwonsa shi kaɗai. Ba kaɗaicin ya fi damunsa ba, sai tsoron kada ya zama ya ɓata rayuwarsa a banza. Yakan roƙi Allah Ya jiyar da shi waƙar daga baki biyu kafin ajali.

Wata rana yana zaune sai ya ji sallamar magidanta biyu, suka durƙusa.

"Allah Ya gafarta Malam, ni ne Musaddiƙ, ɗalibinka. Ƙarar wannan Bafillatanin na kawo, ya kusa karya mini hannu."

Ɗayan ya ce, "Malam, Sama'ilu ne. Tambayi Kaɗon nan me hannun yake ɗauke da shi."

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. "Sanda ce. Saniyarsa ta shiga gonata, na ɗaga zan sauke masa a ka, ban ma gane shi ba. Sai ya cafke hannuna ya ce, 'Na kama, kai ma gobe kama nawa.' Wallahi nan take na saki sandar."

"Kai ne ba ka faɗi naka layin ba," in ji Sama'ilu, "tun muna aji haka kake, sai an tuna maka."

Sun daidaita kan ɓarnar, amma da suka so rera waƙar sai suka tarar baitin farko kaɗai ya rage musu. Sauran baitocin ne suka zo karɓa wurin Malam.

Malam ya biya musu sauran baitocin. Can ya ce, "Ku riƙe hannun juna tukuna." Suka rera, muryoyin duk sun yi kauri, shi kuwa hawaye na bin gemunsa.

Da suka gama, ya tura musu ruwan wanke hannu. "Ku matso. Tabarmar nan ta daɗe tana jira."

Darasi: Wanda ya ƙi hura wutar fitina zai iya rasa abokan zama, amma Allah ba Ya tozarta ladan mai gyara tsakanin bayinSa. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa, kuma wanda ya san wani malaminsa da aka bari shi kaɗai, ya je ya gaishe shi tun yana raye.