Mutumin da Ya Rufe Sama Ya Bar Ƙasa

An yi wani mutum a wani ƙauye, manomi, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Matarsa tana kiwon kaji ashirin da biyu a bayan gida. Idan rumbu ya yi ƙasa, da ƙwan kajin nan take ciyar da yara. Amma shaho ya dame su. Kusan kowane mako sai ya sauko ya sure ɗan tsako a idon kowa.

Sai mutumin ya ce a ransa, "Zan yi wa kajin nan shinge a jikin akurkinsu, su sha iska, su yi tono, ba mai taɓa su."

Ya auna wurin da ƙafa, tsawo taku goma, faɗi taku shida. Ya sayar da buhu biyu na masara. Sa'an nan ya zauna a gindin mangwaro da takarda, ya rubuta abin da aikin zai ci: ragar waya, sanduna, ƙusa, kwanon rufi, ƙofa, fenti, da siminti na ɗaure gindin shingen. Da ya haɗa lissafi, sai ya ga kuɗinsa ba su kai ba. Ya daɗe yana duban takardar. Daga bisani ya ja layi a kan siminti.

Matarsa ta ce masa, "Maigida, da ka bar kwanon da fentin. Rufin ciyawa ma ya isa. Ƙasar nan rairayi ce, idan ruwa ya sauka zai kwashe ta."

Ya ce, "Daga sama shaho yake zuwa. Abin da yake cikin ƙasa, wa zai gan shi?"



Ya gina shingen, ya yi kyau ƙwarai. Kwano yana ƙyalli, ƙofa shuɗiya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yabo, har wasu suka zo su ga yadda aka yi. Shaho ya yi ta shawagi, bai sami ko ɗan tsako ɗaya ba. Mutumin ya ji daɗi a zuciyarsa.

Damina ta yi nisa. Ruwan da yake zubowa daga kwanon ya riƙa cin ƙasar da take gindin ragar, kaɗan kaɗan, har ya buɗe wata kafa da hannu zai iya shiga. Ciyawa ta rufe ta, ba wanda ya lura.

Wata rana dukan gidan suka tafi gona. Tunku ya zo yana sansana, ya sami kafar, ya shiga. A dā, idan kajin suka ga abin tsoro, sukan watse, wasu su haye mangwaro, wasu su faɗa cikin masara. Ran nan kuwa ba wurin gudu. Raga a dama, raga a hagu, kwano a sama.

Da yamma matar ta riga kowa dawowa. Ba ta ji kukan kaza ko ɗaya ba. Ta buɗe ƙofar nan shuɗiya, ta tsaya. Uku kaɗai suka rage, sun maƙale a lungu. Ta tattara matattun a kwando, ta zauna a ƙasa. Da mijin ya iso, bai iya duban fuskarta ba.

Ya ce, "Buhu ɗaya ne fa na siminti."

Ta ce, "Na sani. Me zan ba yara gobe?"

A shekarar nan yaran suka sha yunwa kafin sabon hatsi ya nuna.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Shingen shi ne rayuwar da kowannenmu yake ginawa. Kajin su ne waɗanda Ubangiji ya danƙa a hannunmu, wato 'ya'yanmu da iyalinmu da masu koyi da mu. Shaho shi ne zunubin da mutane suke gani, wanda muke gudu don kunya. Tunku kuwa shi ne wanda yake shigowa a ɓoye: ƙyashi, ƙaramar ƙarya, fushin da aka kwana da shi.

Dukanmu muna zama mu yi lissafi, gama lokacinmu da ƙarfinmu ba su isa kome da kome ba. Idan suka gaza, me muke sokewa? Ba ma soke tufafin Lahadi, ba ma soke kujerarmu a gaban taro. Addu'ar cikin ɗaki muke sokewa, da tuba, da neman gafarar wanda muka ɓata wa rai, domin ba mai ganinsu. Mutumin nan bai ƙi kajin ba, ya ma yi wahala dominsu. Duk da haka shi ya kulle su tare da mai kashe su.

Kada kowa ya ce, "Laifina ne, ni kaɗai zan ɗauka." Ranar da ɓarna ta shigo, waɗanda suka dogara gare ka su ne ba su da wurin gudu. Saboda haka idan kun koma gida yau, kada ku ɗaga kai ku dubi kwano. Ku durƙusa, ku ɗaga ciyawar.