Littafin Rini a Kantar Lissafi

Duk shekara in sababbin ɗalibai sun shigo laburare, Hajiya Dije mai kula da wurin takan zuro tabarau zuwa kan hanci, ta yi gyaran murya, ta ce, "'Ya'yana, a kifa wayoyin nan tukuna." Ga labarin da take bayarwa.

A zamaninmu, in ji ta, ba a latsa komai. Akwatunan katako ne na katin sunayen littattafai, da ƙamshin tsohuwar takarda, da wata fanka mai kuka kamar akuya. Allah sarki! To, a lokacin ne wata ɗaliba, Saude, ta rubuta kundin kammala karatu a kan sana'ar rini. Ta ɗora babi guda a kan wani sakin layi da ta kwafo tun tana aji ɗaya, ta kuwa manta inda ta samo shi. Malam Isiyaku, mai duba aikinta, ya zagaye shi da jan biro.

"Saude, wannan maganar taki ce?"

"A'a, Malam, a littafi na gani."

"Wane littafi? Wa ya rubuta? Wace shekara? Shafi na nawa? Ko aljani ne ya raɗa miki?"

"Sai in goge, Malam."

"Ki goge bayan na gani? Kayan da ba a san mai shi ba, kayan sata ne. Ki kawo min littafin ranar Litinin, ko ki maimaita shekara."

Saude ta koma ɗaki tana kuka, ƙawayenta uku suka taso.

Laure, wadda ba ta wuce takarda ko ta ƙunshin ƙosai ce, ta karanta sakin layin, ta rufe ido. Ta ce ta san wannan salon. Sunan littafin ya ɓace mata, amma ta tuno sunan marubucin.

Uwani kuwa ta san akwatunan kati kamar kwallayen ɗakin uwarta. Ta nemi sunan, babu; ashe an jera mutumin da sunan garinsu ne, ba da nasa ba. Ta bi kati ɗaya ɗaya har ta zaro nasa: ga sunan littafi, ga shekara, ga maɗaba'a, ga lambar kantar da ake ajiye shi. Suka ruga kantar, wayam!

Sai Tabawa ta tuntsire da dariya. Ita ce gwanar ɓoye littafi in jarrabawa ta gabato, ta san inda 'yan'uwanta ke cusa nasu. Ta ce, "Wa zai neme shi a kantar lissafi? Can ko ɓera ba ya zuwa." Ta ja su can, ta zura hannu bayan manyan littattafan, ta zaro shi duk ƙura. Suka buɗe, ga sakin layin a shafinsa.

Malam Isiyaku ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Uhm. Yanzu ya zama aro." Ya sa hannu.

Saura shafin sadaukarwa. Malam ya ce suna ɗaya tak, kundi ba katin biki ba ne. Mai buga tafireta ya sa takarda, ya ɗaga yatsu yana jiran Saude.

A nan Hajiya Dije takan mayar da tabarau, ta bi ɗaliban da kallo.

"To, 'ya'yana, da wadda ta tuno marubucin, da wadda ta zaro katin, da wadda ta tono littafin, sunan wa za a buga?"