Ranar da Filibus Ya Kori Ƙudajensa

Filibus mutumin Palladan ne, ba rago ba ne, ba mashayi ba. Aibinsa ɗaya, yana jin kunyar sana'ar da take ci da shi. A bayan gidansa yana da rami inda yake zuba kashin kaji, ƙudaje su yi ƙwai a kai, tsutsa ta fito. Da ita yake kiwon tarwada, don abincin kifi na buhu ya fi ƙarfinsa. Kifin nan kuwa shi ne tuwon gidan, shi ne makarantar yara. Amma a kira shi "Mai tsutsa" a kasuwar Samaru, sai ya wuni yana fushi.

Ana nan sai dangin saurayin 'yarsa Christabel suka ce za su zo gaisuwa daga Sabon Gari ran Asabar.

Ya ce wa matarsa Salome, "Maman Christabel, ƙudajen nan fa? A gaban baƙi?"

Ta ce, "Haba Maigida, ƙudan da ya kai yarinyar nan makaranta? Bar su, su ma su gaisa da surukai."

Bai yi dariya ba. Ran Juma'a, tana can zumuntar mata a coci, ya sayo maganin ƙwari ya feshe ramin, bai gaya mata ba. Washegari da safe ya fita neman kujeru. Salome ta ɗebo tsutsa yadda ta saba, ta ga ba ta motsi, ta ɗauka sanyin safiya ne, ta watsa wa kifi.

Da baƙi suka sha ruwa, Baba Toma, kawun saurayin, ya ce, "To, a nuna mana kifin nan da ake ba mu labari."

Aka zagaya baya. Duk tarwadar ta taso saman ruwa, ciki a sama.

Salome ta durƙusa. "Wayyo Allah, da hannuna na ba su! Me na yi?"

Filibus ya sunkuyar da kai. Baba Toma ya shaƙi warin maganin, ya dubi Filibus a hankali. "Ɗan'uwa, don mu ka yi? Ai mun san da tsutsa kake kiwo. Wa bai sani ba?"

An ɗaura auren daga baya, amma kifi bai dawo gidan ba. Ƙannen Christabel sun bar makaranta, Salome ta koma wankau a gidajen ɗalibai. Bayan gidan yanzu fes yake, ko ƙuda ɗaya babu.

Jama'a, kada mu raina hanyar da Allah ya buɗe mana ta abinci, komai warinta, muddin ta gaskiya ce. Kuma abin da ka aikata a gidanka, gaya wa wadda kuke wahalar tare. Filibus ya ɓoye abin da kowa ya sani, ya rasa abin da yaransa suke ci.