Ƙafar da Dutsen Iyaka Ya Danne

Akwai wani manomi da aka sani da iya huɗa. In ya ja kunya daga wannan bakin gona zuwa wancan, sai ka ce da igiya aka auna ta. Gonarsa tana jikin gonar ƙanensa, a tsakaninsu kuwa akwai wani babban dutse da mahaifinsu ya kafa ya zama iyaka. Ƙanen ya rasu, ya bar wa gwauruwarsa Rifkatu gonar.

Wata ranar kasuwa da bazara, rana tana tsaka, ba kowa a daji, manomin nan ya je ya tone dutsen. Ya rungume shi a ƙirji, ya yi taku bakwai da shi cikin gonar gwauruwar. Garin saukewa sai dutsen ya suɓuce ya faɗo masa a kan ƙafar hagu. Da kunnensa ya ji ƙarar ƙashi. Bai yi ihu ba, gama wanda ya yi ihu sai an tambaye shi abin da ya kai shi wurin. Ya cike tsohon ramin, ya koma gida, ya sa rufaffen takalmi, ya ce wa matarsa kaushi ne ke damunsa.

To, nauyin mutum ba ya ɓacewa. Dole ya bi ta wani wuri ya sauka ƙasa. Da ƙafar hagu ta ƙi karɓar rabonta, sai ya koma taka gefen tafinta kawai, ya jibga wa ta dama sauran. Bayan wata biyu gwiwar dama ta kumbura. Ya fara sassauta wa gwiwar, sai ƙugu ya karkace. Baya ya lanƙwasa domin kada ya faɗi, wuya kuma ya kwanta gefe guda domin idanu su ga hanya daidai. Ya shafa man kaɗe a gwiwa, wanzami ya yi masa ƙaho a baya har sau uku. Ko'ina an taɓa, banda inda abin yake.

Damina ta sauka, ya fita huɗa. Takun hagu ya zama gajere, na dama dogo, shi kuwa bai sani ba. Da ya ɗaga kai ya waiwaya, sai ya ga kunyoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Waɗanda ya jawo daga bakin hanya, dukansu dutsen suka nufa. Masu wucewa suka tsaya suna kallo.

Da ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, sai ya tafi wurin wani tsoho maɗori. Tsohon bai ko dubi bayan ba. Ya zuba wa ƙasar ƙofar gida ido, inda manomin ya tako.

Ya ce, "Ɗana, sawun damanka ya nutse kamar na mai ɗauke da mutum a kafaɗa. Na hagun kuwa rabi ne. Cire takalmin."

Manomin ya ce, "Baba, bayana ne ke ciwo."

"Bayanka ɗan dako ne, kayan wani yake ɗauke da su. Cire."

Ya cire. Tsohon ya bi ƙasusuwan da babban yatsa, ya ce sun haɗe a karkace, sai an sake karya su kafin a ɗora. Sa'an nan ya tambaye shi yadda nauyin ya faɗo, domin ya san ta inda zai danna.

"Jaki ne ya taka ni."

Tsohon ya ce, "Jaki ba shi da kofato mai faɗin wannan. Abin daga sama ya faɗo, kana riƙe da shi da hannu biyu, shi ya sa ba ka janye ƙafar ba. Me ka ɗauka?"

Manomin ya mayar da takalminsa, ya fita ko sallama babu.

Kaka ta gabato, dawa ta fi mutum tsawo. Wata safiya ya shiga gonarsa domin ya yanke hanya zuwa gida. Ba iska, ba kukan tsuntsu, ba ya ganin komai sai kara. Ya miƙe sosai a ganinsa, ya yi ta tafiya, sai ga shi tsaye gaban dutsen. Ya juya masa baya ya sake kama hanya, yana ƙirga taku. Sai ga dutsen kuma. A karo na uku ya yi gudu iyakar yadda jikin zai yarda, kara yana yankar fuskarsa, har ya yi tuntuɓe ya faɗi. Da ya ɗaga kai, hannunsa a kan dutsen yake. Kada ku ce aljani ne, 'yan'uwa. Mai gajeren taku a ƙafa guda, in ba ya ganin abin da zai nufa, kewaye yake yi.

A nan Rifkatu ta same shi, ta zo duba wakenta. Ta ce, "Yaya, lafiya kake zaune a ƙasa?"

Ya ce, "Rifkatu, dutsen nan ba nan ne wurinsa ba."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Washegarin ranar da ka ɗauke shi na ga sawunka, da jini a gefen dutsen. Ba ni da mai tsaya mini, sai na bar wa Ubangiji."

Ya tashi ya rungumi dutsen domin ya mayar kafin wani ya gani. Ko motsi dutsen bai yi ba. Bayansa, wanda ya ɗauki dutsen a bazara, ya riga ya lanƙwashe, ba ya iya ɗaga ko rabinsa. Ya zauna ya yi kuka. Sa'an nan ya ja jiki ya shiga gari, ya bi gida huɗu yana sallama, a kowace ƙofa kuwa sai da ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa yake neman hannu. Mutum huɗu suka mayar da dutsen, jama'a suna kallo. Tsohon ya sake karya ƙafar ya ɗora ta. Gwiwa ta saɓe, baya ya miƙe, amma wuyan bai koma daidai ba har ranar mutuwarsa.

Ma'anar misalin nan ke nan. Ƙafar da ta karye ita ce lamirin mutum, dutsen kuwa shi ne zunubin da ya ɓoye. Zunubi yana da nauyi, in ka ƙi furta shi wani ne zai ɗauka. Matarka za ta ɗauka cikin faɗan da ba ta san tushensa ba. 'Ya'yanka za su ɗauka. Addu'arka za ta karkace, ka zo sujada kana neman a yi maka addu'ar ciwon baya. Ni kaina na taɓa shekara biyu ina kewaya abu guda, ina cewa gaba nake yi, kuma ban ji daɗin shekarun nan ba ko kaɗan.

Yesu Almasihu maɗori ne mai jinƙai, amma ba ya ɗori a kan ƙarya. Zai tambaye ka abin da ka ɗauka. Gyaran da zafi, ba zan ruɗe ku ba, wanda ya daɗe kuma yakan warke da tabo. In akwai dutsen wani a inda ka ajiye shi, tafi ka kira mutum huɗu yau, tun ƙafarka tana iya kai ka ƙofarsu.